Adireshin da Na Saka a Guruf

Litinin, 3 ga Maris

Na biya likita kuɗin wannan watan. Da kirifto, kuɗin intanet ɗin nan, kamar kullum, daga abin da masu ba ni aikin zane ta intanet suke turowa. Ba sunana a jiki, ba ruwan banki. Da ta banki nake biya da tuni Yaya ya gani, tunda a reshen da yake aiki na buɗe asusu, shi kuwa ba ya ganin abu ya kau da kai.

A siton shagon da nake aiki muka yi magana da likitar ta bidiyo, ina zaune kan kwalin takardu, injin buga kati yana ta ƙara ta bango. Ta tambaya ko har yanzu numfashina yana ɗaukewa in na shiga mota. Ya ragu. Tun hatsarin bara ban faɗa wa kowa a gida ba. A gidanmu in ka ce likitar ƙwaƙwalwa, hauka kawai suke ji.

Alhamis, 6 ga Maris

Sai an yi wa Baba aiki a ƙoda. Mama ta zauna bakin gado tana ta ninke zanin da ta riga ta ninke.

Asabar, 8 ga Maris

’Yan uwa na nesa suna so su taimaka, amma turowa ta banki na cin lokaci, ga caji. Ni da bakina na ce ina da hanya. Na kwafi adireshin asusuna na kirifto, dogon layin nan na haruffa da lambobi, na saka a guruf ɗin iyali. Goggo, ƙanwar Baba, har da sa mini albarka da murya. “Ashe zaman kwamfutar nan yana da rana,” in ji ta.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. An daɗe ba a yabe ni a gidan nan ba.

Talata, 18 ga Maris



Ɗan Goggo, wanda muke kira Injiniya, shi ma yana harkar kirifto. Wai don kowa ya ga gudummawarsa ta iso, ya ɗauki adireshina ya saka a shafin da ake duba shige da fice, ya ɗauki hoto ya turo guruf. Abin da ya shigo yana nan. Abin da ya fita ma yana nan, wata bayan wata, zuwa wuri ɗaya. Asibitin likitata kuma sun wallafa adireshinsu a shafinsu, don haka sunansu ya fito ɓaro-ɓaro a gefe. Da kalmar ƙwaƙwalwa da komai.

Na san haka abin yake. Na sani! Sunanka ne kawai babu, amma duk inda kuɗin ya taka a rubuce yake. Ni ce na je na manna sunana a kai da hannuna.

Ina cikin gyara katin wani mai gidan burodi na gani. Sai da mai shago ya ce, “Ke, lafiya? Kin goge wa mutum lambar waya.”

Laraba, 19 ga Maris

Injiniya ya kira yana ta rantsuwa bai lura ba. Ya goge hoton. Na ce ya goge can ainihin wurin. Ya ce, “Anti, wannan ko wanda ya ƙirƙiro abin ba zai iya gogewa ba.”

Wato har na mutu yana nan.

Guruf tsit. Shirun ya fi zagi ciwo.

Juma’a, 21 ga Maris

An yi wa Baba aiki, an dace, alhamdulillahi. Da ya farfaɗo abin da ya fara nema tabaraunsa ne, wai yana so ya ga wa ya yi kuka wa bai yi ba.

A barandar asibiti na ji Goggo tana ce wa wata, “Shi ya sa take zabura in an rufe ƙofa. Wa zai ɗauki wannan?” Ta gan ni ta koma maganar tsadar magani. Na gaishe ta har da rusunawa. Na tsani kaina da wannan rusunawar.

Lahadi, 23 ga Maris

Yaya ya same ni a kicin ina wanke kwanukan asibiti. Ya daɗe a tsaye yana wasa da makullin mota.

“Don kar in gani kika bi ta can?”

Na ce e.

“Ni kike gudu ke nan.”

Ba faɗa, ba ɗaga murya. Da ma ya yi faɗan. Ya ce shi ya ɗauko ni daga wurin hatsarin, da jinin wani a rigata, kuma shekara guda yana ganina yana cewa ai ta warke. Na ce da na faɗa da an kai ni inda ban so, an yi ta tofa mini. Bai musa ba. Ya ɗauki tawul ya hau goge kwanuka, shi da bai san inda cokali yake zama ba.

 Mama kuwa sai bina da ido.

Alhamis, 27 ga Maris

Ban shiga ganin likita ba. Na buɗe sabon adireshi, na kwashe komai, sai Injiniya ya ce ai kwashewar ma ana gani. To.

Litinin, 31 ga Maris

Na shiga yau. Na zazzage wa likita komai, har da cewa da ban fara ba. Ta ce, “Da ba ki samu hanyar ɓoyewa ba, da kin zo?” Da ban zo ba. Wannan gaskiya ne, ɓoyewar ce ta kawo ni. Abin da ke ci mini rai, ni ya kamata in zaɓi ranar da zan faɗa, da wanda zan faɗa wa. An ƙwace mini wannan, kuma ba wanda zan kama.

Talata, 8 ga Afrilu

Goggo ta kira ni ina shago. Ta tambayi jikin Baba, wanda ta baro ɗazu. Ta tambayi aiki. Can ta rage murya. Autarta, tun da ta haihu ba ta barci, ba ta son ɗaukar jaririn, sai kuka. “Wannan matar da kike gani... tana duba irin wannan?”

Ba ta ba ni haƙuri ba, kuma na san ba za ta bayar ba. Na so in ja mata rai. Wallahi na so.

Na ce, “Likitata tana dubawa, Goggo. Ki ba Auta waya in yi mata bayani da kaina.”

Sai da na ajiye na lura a tsakiyar shago na faɗa, da ƙarfi, mai shago yana nan, ga masu jiran kati a kan benci. Ba wanda ya ɗago. Ban yafe ba tukuna, kar in yaudari kaina. Amma gobe in na tashi aiki zan biya in ga Auta.