Na Ce Ni Mazaunin Nijar Ne, Ga Fili Na Neman Kuɓuce Mini

Malam Mika'ilu, don Allah ka taimake ni. Na shiga wani lungu, gaba ta ƙi, baya ta ƙi, kuma ni na kai kaina.

Ni falke ne, gidana a Limawa cikin Dutse. Gero da dawa nake saye a Shuwarin in kai Magarya ta Nijar, in juyo da raguna in sayar a Maigatari. Na ɗan taɓa sakandare, ba a karanta mini takarda. Wannan guntun karatun ne ya ja mini.

Shekara huɗu ke nan masu haraji suka fara sintiri a ƙofar gidana. A mota na ji wani mai kwat yana cewa wanda ba mazaunin ƙasa ba, ba ruwansa da harajin kuɗin shiga. Ban yi wata-wata ba na sa babbar riga na tafi ofishin haraji, na cika takarda cewa a Magarya nake zaune, na ba da adireshin Ɗanmusa mai masaukina, na sa hannu har da lanƙwasa. Na koya wa matata Hindatu, duk wanda ya yi sallama da biro a aljihu ta aika cewa maigida yana Nijar. Sau biyu ina kwance a ɗaki ana isar da saƙon. Can Magarya kuwa baƙo nake ce musu. Zakka dai ina fitarwa, na ɗauka ta wanke komai.

To bana gwamnati ta karɓi gonar gadonmu za ta yi gine-gine, ta ba ni fili a madadinta. Takardar mallaka ba ta fita sai da shaidar biyan haraji ta shekara uku, wa'adi kuma ƙarshen watan gobe, in ya wuce a ba wani. Hindatu ta riga ta sayar da tumakinta ta sayi bulo, suna can a jibge. Da na je ofishin haraji neman shaidar, ma'aikacin ya zaro takardar nan tawa ya shimfiɗa a gabana yana murmushi. In na ce nan nake, sa hannuna ya ƙaryata ni. In na ce Nijar, in kawo rasit ɗin can, ni ko ban taɓa biya ba. Fasfo ɗina fes yake, ba hatimi ko ɗaya, ta burtalin shanu muke tsallakawa. Wani mutum mai suna Jaji ya ce zai haɗa mini shaidar ta bayan fage cikin kwana biyu, amma ga shari'ar Musulunci ta shigo jiharmu, tsoro nake ji. Hindatu ba ta san filin na neman kuɓucewa ba. Ina mafita?

Falken Limawa

*

Falke, sannu da wannan tsaka mai wuya. Ba ka yi kama da mugu ba, wayo ne ya yi maka yawa. Kuma gaskiya masu haraji ba sa zama su yi wa ɗan kasuwa bayani, shi ya sa kuke ɗaukar doka a bakin fasinja.

Mai kwat ɗin rabin magana ya faɗa maka. Mazauni shi ne wanda gidansa da iyalinsa ke nan, ko yake cinye kusan rabin shekara a ƙasar, kuma ana duba duk abin da yake samu. Wanda ba mazauni ba ma yana biya, a kan abin da ya samu a cikin ƙasar. Ragunan da kake sayarwa a Maigatari a Najeriya suke ba ka riba. Ke nan ko da maganarka gaskiya ce, ba ta taɓa kuɓutar da kai ba. Zakka kuma hakkin Allah ce, ba ta ɗauke na hukuma.

Ka rabu da Jaji. Takardar jabu fili za ta ci, ta haɗa da kai. Ka rubuta da hannun nan naka mai lanƙwasa cewa bayanin farko ba daidai ba ne, Limawa kake zaune. Ka tafi da mai unguwarku ya shaide ka, ka nemi a yanka maka na shekarun da suka wuce. Tara za ta iya biyo baya, ka roƙi sassauci da biya kashi-kashi. A ranar ka kai wa ofishin filaye kwafin takardar ka nemi ƙarin wa'adi. Ban yi maka alkawarin za su yarda ba, amma wanda ya kai kansa ya fi samun sauƙi a kan wanda aka kamo.

Kafin duk wannan, ka zaunar da Hindatu ka gaya mata. Ita ka sa ta yi maka ƙarya, tumakinta ne kuma a jibge a filin nan.

Allah ya warware maka, ya sa bulon nan ya zama ɗakinta.

Malam Mika'ilu