Kyanwar da Ka Sa a Buhu

Roni, ta Kazaure
Watan Sha'aban, 1975

Zuwa ga Yaya Muhammadu Lawal, a Fatakwal,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Asma'u da yara. Mu nan kowa ƙalau, gero ya fara fitar da kai, Inna ma ƙafarta da sauƙi. Sai dai hankalinmu ba a kwance yake ba, kuma kai ne dalili.

Ka tuna kyanwar rumbunmu da ta rikice tana cizon duk abin da ta gani lokacin da ka zo hutu? Maƙwabta suka ce a kashe, Inna ta ce ba a gidanta ba, alhakin mage ba ya barin mutum. Kai kuma sarkin ƙarfin hali ka cusa ta a buhu don ka yar bayan duwatsu, ta kafa maka haƙori a babban yatsa. Ka yi dariya, Inna ta ƙona gashin kyanwar ta shafa maka, ka hau mota ka tafi.

Yaya, tunkiyar Adda Fatu da kyanwar nan ta ciza a hanci ta mutu shekaranjiya, tana dalalar da yawu tana tunkuyar bango. Sama'ilu malamin dabbobi na Kazaure ya zo ya gani. Ya ce ciwon haukan kare ne, kuma mage ma tana ɗauka, mu da muke zaton sai kare. Na ba shi labarinka. Ya ce warkewar yatsa ba shaida ba ce, ciwon kwanciya yake a jiki, ranar da mutum ya fara tsoron ruwa kuwa magani ya ƙare. Ya ce ka je asibiti ranar da ka karanta wannan, a fara maka allurai a gefen cibiya, kada ka tsallake ko ɗaya.

Na san ka, kai da ka haura katanga ka gudu ranar da aka zo yin lambar rigakafin agana. Wallahi tsoro nake ji. Rigakafi ya fi magani, balle ciwon da ba shi da magani. Ka sa Asma'u ta ji wannan takarda da kunnenta, kada ka ɓoye mata.

Ka gaishe ta da Lauwali da ƙaramar Shatu. Kawu Daudu da Adda suna gaisuwa. Inna ba ta cin abinci, tana cewa ita ta sa ka. Ta ce bana kada ka aiko mata da atamfar salla, ba za ta ɗaura ba. Ka aiko da labarin an yi maka allura.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Tasalla