Na tara farce saboda bitar jita, surukata ta daina waƙa

Doña Amparo, ki taimake ni da shawara don Allah, kuma ki yi haƙuri idan abin ya yi miki kama da wasa. Na san masu rubuto miki da manyan matsaloli suke zuwa, ni tawa ta farce ce. Amma ta hana ni sukuni, kuma duk wanda na tambaya a garin nan sai ya gama dariyarsa kafin ya ce wani abu.

Ni ungozoma ce a Lebrija, na haura hamsin, kuma ba ni da kuka da rayuwata. Mijina Eusebio mutumin kirki ne, in an cire surutu. 'Ya'yanmu sun kama gabansu. Mahaifiyarsa Milagros tana zaune da mu tun rasuwar mijinta, kuma ko ki yarda ko kar ki yarda, muna shiri sosai. Jita ce ta haɗa mu. Tun ina yarinya nake kaɗa flamenco, kiɗan gargajiyar yankinmu, a wajen kawuna na koya da ido da kunne. Ita kuma murya gare ta irin ta mutanen da, mai kaushi, wadda in ta ɗaga ta a tsakar gida maƙwabta kan rage rediyo. Ba a aure ko baftismar jariri a danginmu ba a zaunar da mu biyu ba. Sau da yawa ma jaririn ni na karɓi haihuwarsa.

To kin san aikinmu, ba a shiga ɗakin haihuwa da farce. Duk shekarun nan da tsokar yatsa nake kaɗawa. Sautin ba ya tashi can sama, amma yana cika tsakar gida, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba.

Sai ga labari cewa gwanin jita Anselmo Barea zai zo ya yi bitar mako guda a zauren ƙungiyar makaɗa ta garinmu. Mutumin da faya-fayansa suka tsufa a motata! Eusebio ya je ya sa sunana bai ko tambaye ni ba, ya dawo yana washe baki. Ranar har hawaye na yi don murna. Kashegari na shiga kantin magani na Casimiro, maƙwabcinmu, wanda ya taɓa zuwa irin wannan bita a Córdoba kuma bai bari kowa ya manta ba. Ya ce abin da waɗannan gwanaye ke fara cewa shi ne a miƙo hannu, su juya shi kamar mai tayin kifi. Wai har wani saurayi da farcensa ya karye ya yanko guntun ƙwallon tebur ya manna da gam don kada a gani. Ya leƙo hannuna ta saman tabarau ya ce, "Da wannan za ki je? Haba maƙwabciya, ai ko mai kwaɓa burodi ya fi ki farce. Ki bar wa ɗana gurbin, ki huta."

Na dawo gida raina a jagule. Na tattara duk hutun da na tara a wajen aiki na ɗauka, na zauna tara farcen hannun dama. Ba zan ɓoye miki ba, na sha daɗi. Ban wanke ko cokali ba, ban buɗe gwangwani ba. Eusebio ne ke wanke-wanke yana mita, shi ke ɓare mini jatan lande, ya turo faranti ya ce, "Ga shi sarauniya, ko in tauna miki ma?" Farce ya fito, na goge shi na gyara yadda na ga ana yi, ina ta kallonsa ina jin kaina.

Ran Lahadi bayan abincin rana na ɗauko jita, Milagros ta gyara zama. Sautin ya tashi tar, har ni na tsorata. Amma farcen sai ya riƙa sarƙewa a tsirkiya, babban yatsana yana zamewa, ina zuwa a makare duk inda ta saba tarar da ni ina jiranta. Ta ɗauko waƙa ta ajiye, ta sake ɗaukowa ta ajiye. Sai ta miƙe ta dafa sandarta ta ce, "Ni wannan mai kiɗan ban san ta ba. In matar ɗana ta dawo, a kira ni." Ta shige ɗaki. Tun daga ranar muna hira, muna cin abinci tare, har tsokanata take yi, amma ko guntun baiti ba ta sake rerawa ba. Ta haura tamanin, Doña Amparo. Gidan ya yi mini shiru, kuma abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa.

Kullum ina gwadawa ni kaɗai, ana samun ci gaba kaɗan-kaɗan, amma bita farkon wata mai kamawa ce. Me ake yi ne a irin wannan wuri? In yanke in je a juya mini hannu a gaban samari? In bar shi in je da kiɗan da ni kaina ban gane shi ba? Ko in bar wa ɗan Casimiro, kowa ya huta?

Mai sabon farce, daga Lebrija

Amsa:

'Yar'uwa, ban yi dariya ba sai da na zo kan jatan lande. Ni ma na zauna a irin kujerun nan a ƙuruciyata, ban zama kowa ba a harkar kiɗa, amma na san yadda ake yi.

Za ki tarar da kujeru a zagaye da samari suna tsere da yatsu kafin malami ya iso, kowa yana satar kallon na kusa da shi. Kada wannan ya razana ki, tsoro ne ke sa su. Malamin zai zo a makare. Mai yiwuwa ya sa a jingine jita a yi ta tafi har tafin hannu ya yi ja, don ya ji wa ke tafiya daidai da kiɗa, wa ke gaggawa. Ba takarda, ba allo. Zai kaɗa ɗan guntu da sauri, ya maimaita a hankali in an ci sa'a, ya ce ku yi. Rabin ɗakin zai ɓace, ke ma wani lokaci har da ke. Ki zauna inda za ki riƙa ganin hannunsa na dama, ki nemi izini kafin ki ɗauke shi a waya. Kuma ki rage buri: ku da yawa ne, lokacin da zai tsaya a kanki ke kaɗai ba zai wuce na shan kofi ɗaya ba. Wanda ya koma gida da abu ɗaya da ya zauna masa a hannu ya ci riba.

Casimiro bakinsa ne ba linzami, amma ba ƙarya ya yi miki duka ba. Farce yana da amfani. Akwai kaifin sauti da wata irin sharar yatsu a kan tsirkiyoyi da tsoka ba za ta ba ki ba, kuma malamin zai iya faɗa miki haka ba tare da ya saka zuma ba. Da ritaya kika yi, kina da shekara a gabanki, da na ce ki daure, don kowa kiɗansa kan lalace na wasu watanni kafin ya saba. Amma ke ana gama bita ɗakin haihuwa za ki koma, almakashi yana jiranki a bakin ƙofa. Duk abin da kika koya da farce, da farcen zai tafi. Malami kuma ba ya iya gyara miki sai kiɗan da kike yi da gaske. In kika kai masa na aro, na aron zai gyara.

Don haka ki yanke, ki je. In ya kama hannunki, ki gaya masa aikinki a taƙaice ba tare da neman afuwa ba, ki tambaye shi me hannu irin wannan zai iya ƙarawa. Zai iya ɗaga kafaɗa ya wuce. Zai iya jawo kujera. Ban san mutumin ba, ba zan yi miki alkawari a madadinsa ba. Ko da ya ɗaga kafaɗar, kunyar ta yini ɗaya ce, kuma kin ga abin da ya fi wannan a wajen aiki. Gurbin naki ne, ɗan Casimiro yana da shekaru masu yawa a gaba. Eusebio kuma tunda hannunsa ya faɗa da wanke-wanke, ban ga dalilin raba shi da shi ba.

Surukarki ta yi miki magana mai zafi, ba na wanke ta. Amma ki lura, ba cewa ta yi kin kasa ba, cewa ta yi tana jiran ki dawo. Mace mai shekarunta ba ta da numfashin da za ta ɓata tana neman makaɗi a tsakiyar baiti, dole ta san inda za ta same shi. Gwanaye za su yi ta zuwa garinku, in ba wannan ba wani. Muryar Milagros ce ba ki san sauran Lahadi nawa ta rage miki ba, kuma ita ce nake jin ciwon a ce ta yi shiru saboda farce.

Kada ki bari sai jajibirin bita, yatsunki sun yi laushi, suna bukatar lokaci su koma yadda suke. Ki yanke yau. Ki ɗauko jita bayan abincin rana, ki fara waƙar da surukarki ta fi so, ba kira, ba roƙo. Ki dai tabbata ƙofar ɗakinta a buɗe take.

Allah ya ba ki sa'ar bita, ya ƙara wa tsohuwa lafiya da numfashi.

Doña Amparo