Layar da na sa Salim ya ɗaura

Lyon, 28 ga Satumba, 2011

Yaya Halimatou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya gida, yaya ƙafar Inna, yaya ƙarshen damina a Damagaram? Ni jiki lafiya lau, hankali ne ba a kwance ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Kin san Inna, waya na ƙara za ta zo ta tsaya a kanki. Boko kuwa ba ta karantawa.

Yau fiye da wata guda ban ji muryar Salim ba. Tun da ƴan tawaye suka shiga Turabulus lambarsa a kashe take. Autan Inna kuwa, ko allura ce ta karye masa a keken ɗinki sai ya kira ni ya ba ni labari. Wannan shirun ba halinsa ba ne, kuma tsoro nake ji.

A asibitin da nake aiki, abokan aikina murna suke a gaban tele suna kallon labarai, wai jiragensu sun ƴantar da Libiya. Wata har barka ta yi mini, tunda a ganinta duk can ɗin gari ɗaya ne. Su ba su san yanzu duk baƙin mutum sojan haya ne a idon masu bindiga ba, ko da tela ne.

An ce wani ɗan Nijar da ya tsero daga Turabulus ta teku ya sauka a gidan ma'aikata na Montreuil. Asabar zan hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Ki ci gaba da gaya wa Inna layin waya ne ya lalace.

Ki gaida maigidanki da yara.

Ƙanwarki,
Raliatou


Paris, 2 ga Oktoba, 2011

Yaya Halimatou,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da Inna. Ki zauna kafin ki karanta.

Na ga mutumin. Sunansa Malam Nouhou, magini ne daga Tawa. Ina nuna masa hoton Salim ya sunkuyar da kai. Mota ɗaya suka shiga da Salim za su bar Turabulus. Kafin shingen masu bindiga direba ya tsaya, ya ce duk mai laya ko guru ya cire ya yar, domin da sun gani a jikinka sai su ce maganin bindiga ne, kai mayaƙi ne. Kowa ya yar da nasa a bakin hanya. Salim ya ƙi. Malam Nouhou ya roƙe shi, har zaginsa ya yi, amma Salim ya ce shi dai ya yi rantsuwa.

A shingen aka sa su tuɓe riguna. Suka ga layar a damtsensa, suka sauke shi shi kaɗai. Da ransa aka jefa shi bayan wata mota. Iyakar abin da Malam Nouhou ya gani ke nan.

Yaya, kin san Inna ce ta karɓo layar wajen malaminta aka aika ta hannun direban Agadas. Abin da ba ki sani ba, ni na sa Inna ta karɓo ta. Ni ɗin nan da nake muku dariya in kuna shan rubutu. Da rikici ya ɓarke tsoro ya kama ni, na rasa abin da zan yi masa daga nan. Shi bai ma so ba, tsokanata ya dinga yi, wai nas ta Faransa ta zama boka. Na dage har sai da ya rantse da Allah ba zai cire ta ba sai ya taka Damagaram.

Gobe Litinin zan kai sunansa ofishin jakadanci da wajen masu neman waɗanda aka tsare. Ba zan koma Lyon ba sai an karɓi sunan.

Ɗazu da safe na kira Inna, lokacin kina kasuwa. Ita ce ma take lallashina. Ta ce in daina damuwa, ita hankalinta a kwance yake tunda layar tana jikinsa. Na ce mata haka ne.

Ki yafe mini, ki kuma taya ni da addu'a. Ban san wacce a cikinmu za ta gaya mata ba, amma ni na kasa.

Ƙanwarki,
Raliatou