Labarin da na ba ɗiyata game da haihuwarta yana neman kashe ta

Assalamu alaikum 'yan uwa mata na wannan zaure. Admin ki sakaya sunana, sunayen da ke ciki ma na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, kwana tara ke nan ina juya magana ɗaya a raina har abinci ya daina shiga.

Ni tsohuwa ce, na ba sittin baya, daga wani ƙauye kusa da Tajaye. A zamaninmu mace ba ta da abin alfahari kamar a ce ta haihu ba a ji tarinta ba. Naƙuda ta kama ki, ki shige ɗaki ki durƙusa ke kaɗai, ba a kiran ungozoma sai yankan cibi. Wadda ta yi ihu kuwa ta shiga uku, sunanta mai raki, har bakin rijiya 'yan mata za su riƙa kwaikwayon kukanta. Wadda aka kai likita aka yi wa aiki, cewa ake ciro mata aka yi, ba ta san haihuwa ba. Ni na haifi huɗu a haka, ɗaya ma daka nake na ajiye taɓarya na shiga na fito da yaro, kuma wallahi na yi ta taƙama da abin kamar wadda ta ci yaƙi. Bakina ba ya da linzami a lokacin, ni ce kan gaba wajen yi wa masu raki dariya.

Shekarar da aka karya darajar kuɗinmu sefa, ƙanwata Dije ta zo goyon ciki gidana, don iyayenmu sun rasu, mijinta kuma yana ci-rani a Najeriya. Cikin fari ne. Naƙuda ta kama ta ranar Talata da hantsi, har Laraba da la'asar shiru. Na ce zaƙi ne ya yi mata yawa, na yi ta ɗura mata jiƙo. Da ta gaji ta riƙe mini zane ta ce, "Yaya, ban iyawa, don Allah ki kai ni likita." Na ce mata, "Mi ya same ki? Kar ki ja muna abin hwaɗi, gidanmu ba a raki." Da ta ɗaga murya, hannu na sa na rufe mata baki, don mata na sussuka a bayan darni kar su ji. Maƙwabcinmu mai motar kasuwa ya aiko matarsa ta ce mota na nan in ana so, na ce ta yi masa godiya, haihuwa ba ciwo ba ce.

Ranar Alhamis ta haifi mace. Mabiya ta ƙi fita, ungozoma ta sa mata muciya a baki, aka yi hayaƙin barkono, jini yana ta zuba, Dije kuwa ba ta ƙara roƙona komai ba, kallona kawai take. Sai da jikinta ya yi sanyi na ruga neman motar da na kora. Ba mu kai asibitin Ƙonni ba, a Tsarnawa ta cika, kanta a kan cinyata.

Ni na shayar da jaririyar tare da autana, na raine ta, Rabi ke nan, Inna take ce mini. Da ta yi wayo ta fara tambayar uwarta, sai na rasa ta inda zan fara, na gyara labarin. Na ce mata uwarki jaruma ce, kwana biyu tana naƙuda ko nishinta ba a ji ba, ta haife ki ita kaɗai, bayan nan zazzaɓi ya ɗauke ta. Na faɗa sau ɗaya, na faɗa sau ɗari, har ni ma na kusa yarda. Ungozomar ta rasu, mai motar da matarsa sun rasu, uban Rabi bai taɓa sanin yadda aka yi ba har ya koma ga Allah. Ni kaɗai na rage da gaskiyar.

To yanzu ga inda nake. Rabi tana aure a Malbaza, shekara goma sha ɗaya ba haihuwa, sai bana Allah ya ba ta ciki. An yi mata eko, hoton ciki ke nan, likita ya ce mabiya ta tare hanya, in naƙuda ta kama ta a gida jini zai ɓalle, dole a yi mata aiki kafin lokacin, ya sa rana nan da kwana goma sha biyu. Rabi ta ce atafau ba mai yanka ta. Mijinta ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kawo malami ya yi mata nasiha, sajfam, ungozomar asibiti da ke duba ta, ta zo har gida, duk a banza. Ni ma na je na ce zamani ya canza, ta bi maganar likita. Dariya ta yi ta ce, "Haba Inna, ke da bakinki? Uwata ta durƙusa ita ɗai ba a ji ta ba, ni shekara goma sha ɗaya ina jira, sannan a ce ciro min anka yi?" Kalmomina ne tsaf take maido mini, har da yadda nake karya wuya in na faɗe su.

Na san abu ɗaya ne zai juya ta, ta ji cewa uwarta ta roƙi a kai ta likita, kuma ni na toshe mata baki. Sau uku ina zama gabanta da niyyar faɗa, sai in ɓige da tambayar ko tana cin abinci. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Tana da hawan jini, ina tsoron maganar ta tayar mata da naƙudar da ake gudu. Ina kuma tsoron ta tsane ni, ta ƙi jin komai daga bakina har da zancen aikin, in yi biyu babu. Akwai son kai a ciki, na sani, shekara talatin tana kallona a matsayin wadda ta cece ta.

Jiya ta aiko da kayanta, ta ce gidana za ta zo ta haihu, a hannuna, don ba ta yarda da kowa ba sai ni. Ta kuma ce wa mijinta in mace ce, sunana za a sa mata.

'Yan uwa, ya zan yi? In faɗa mata ni da ita, ko in fara gaya wa mijinta, ko likitan? Akwai wata hanyar da za ta yarda da aikin ba tare da ta ji wannan ba? In babu, ku koya mini kalmar da zan fara da ita, don jibi da hantsi motarta za ta tsaya ƙofar gidana.