Bashin da Ya Girmi Aurenmu

Ibagué, 9 ga Maris

Zuwa ga yayata Amparo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan jiki lafiya, zuciya ce dai.

Yaya, ranar Talata na je banki in ciri kuɗin masara da kaji na tamal, alalar masarar da nake kaiwa kasuwa, aka ce hukumar haraji ta rufe asusun. Asusun nan ne da muka buɗe da Ovidio bayan aurenmu, inda na zuba rabona na gonar Baba, peso miliyan goma sha takwas.

Da na koma gida na iske Ovidio yana gyaran famfo. Yana ganin fuskata ya ce, "Sun taɓa ki, ko?" Ashe harajin tsohon shagonsa ne na kayan gini, tun kafin mu haɗu. Lokacin da matarsa ta farko, marigayiya Consuelo, take jinya, abin da ya kamata ya kai wa hukuma asibiti ya kai. Ta rasu, shago ya mutu, bashi ya yi ta haihuwa. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini, ya ce kunya.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Nubia

Ibagué, 2 ga Afrilu

Yaya Amparo,

Ina gaida ki, na kuma gode da abin da kika aiko. Da shi na sayi kayan aikin mako biyu.

Na ga lauya. Ta ce bashin nasa ne shi kaɗai, amma tunda sunayenmu biyu ne a asusun, sai na kawo shaidar cewa kuɗin gadona ne. Don Allah ki nemo mini takardar sayar da gonar.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar da ya sayar da babur ɗinsa ya kawo mini kuɗin, na watsa masa su a tebur. Na ce, "Consuelo ka aura, ni kuwa ka ɗauko ni in biya kuɗin jinyarta." Ya tsince kuɗin ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye gefen faranti, ya gama cin abincinsa. Tun ranar, idan ya dafa mini kofi da safe sai ya ajiye ya fita. Na so in ba shi haƙuri, bakina ya yi nauyi.

Taki,
Nubia

Ibagué, 20 ga Yuni

Yayata abar ƙaunata,

Da fatan kuna lafiya. Ki gaida yara, ki ce ban manta da su ba.

An sako kuɗin. Takardar gonar ta wadatar.

Amma Ovidio ya tafi. Ya yi yarjejeniya da hukuma zai biya kaɗan-kaɗan cikin shekara shida, ya sa hannu aka raba dukiyarmu a takarda, sannan ya samu aiki a wata gonar kofi can Planadas. Na bi shi har tasha. Na ce maganar nan baƙin ciki ne ya furta ta, ba ni ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Na sani, Nubia tawa. Amma akwai gaskiya a ciki. Ba zan sake cin tuwon gidanki da bashin wata a wuyana ba." Ya shiga mota.

Duk Lahadi yana kira bayan an tashi coci. Ya tambayi kasuwa, in tambayi ciwon bayansa, ya ce da sauƙi. Na san ba gaskiya ba ne. Shekararsa sittin da ɗaya, yana hawan tudu da kwando a ƙugu. Ranar da zai gama biya yana da sittin da bakwai.

Lauya ta ce na yi nasara, ko peso ɗaya ban rasa ba. Ke ma haka kika ce a waya. Don Allah Yaya, ki daina taya ni murna.

Ƙanwarki mai kewarki,
Nubia