Ku Zo Ku Karɓi Tutarku, Ku Bar Mini Zanen Goyona

Zuwa ga Mai girma Shugaban Haɗakar Talakawa ta jiha,
da Sakatarenta, duk inda yake kwana yanzu,
da sauran dattawan da suka ɗora hannu a kan tuta a zaurenmu,
Minna.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Ranka ya daɗe, ni ce matar telan nan na Kpakungu wanda ya ɗinka muku tuta. Ba zan kama sunansa ba, kun san shi. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Da baki nake faɗa, maƙwabciyata Malama Rahila mai koyarwa a firamare tana rubutawa. Na roƙe ta kar ta gyara mini magana, ta sa ta yadda ta fito. In kun ji wata kalma ta yi kaushi, ba rashin kunya ba ne, gajiya ce da tsoro.

Na ce a kai jarida ne don in na aika maka kai kaɗai, mutanen Sakatare za su ce na zaɓi ɓangare. In na aika masa, yaranka su faɗi haka. To gara kowa ya ji lokaci ɗaya.

Na farko, yadda tutar nan ta samu.

Ni ba 'yar siyasa ba ce. Amma shagon maigidana a zauren gidan da muke haya yake, a nan kuka fara zama, ni kuma nake kawo ruwa. Abin da na ji ta bayan labule shi zan faɗa. Zaɓen farko da aka yi bayan soja sun sauka, kowannenku ya tsaya shi kaɗai, kowannenku ya sha kaye a hannun masu kuɗi. Shi ne kuka ce bari a haɗu.

Kashi huɗu ne ku. Akwai ku, tsofaffin 'yan reluwe da jam'iyyarku ta tun da, waɗanda iyayenku suka biyo layin dogo suka zauna a garin nan. Surukina, Allah ya jiƙansa, naku ne, har ya rasu yana nuna wa mutane tabon ankwa a ƙafarsa. Akwai manoman ƙauyukan kewaye, Kirista da Musulmi, waɗanda tun da aka yi jiha aka mai da Minna babban birni ake ta yanka gonakin doyarsu ana gina kwatas. Baba Ayuba ne bakinsu. Akwai malaman makaranta da ɗalibai, masu yawan Turanci, waɗanda suke wata da watanni ba albashi. Sakatare nasu ne. Sai mata 'yan kasuwa da masu ƙananan sana'a da aka rushe wa rumfuna, Nufawa da Yarbawa da Ibo da mu. Iya Magajiya ce a gabansu, kuma da yawansu wata jam'iyya ta kudu suke bi.

Kowa da jam'iyyarsa, kowa da alamarsa, aka yi ta musu a kan tutar wa za a ɗaga. Maigidana yana kan keken ɗinki yana jin ku, shi ne ya ce to kowa ya kawo ƙyallensa ya haɗa muku. Kuka yi dariya, kuka yarda. 'Yan reluwe suka kawo shuɗin kakin aiki, har da ɗigon baƙin mai a jiki. Baba Ayuba ya kawo baƙin saƙi na ƙauye, mai kaurin da sai da ya karya allura. Malamai suka kawo farin yadi. Matan kasuwa aka ce su kawo ja, suka tsaya gardamar wace ce za ta saya, har safiyar babban taro ba ja.

Ina tsakar gida goye da 'yata ta fari, lokacin ko zama ba ta fara ba. Maigidana ya fito ya dube ni, ya dubi zanen da na goya ta da shi. Jan zane ne, uwata ta ba ni ranar suna, ni ma da shi ta goye ni. Ya ce, "Ara mini, bayan taro zan warware in mayar miki." Na sauke yarinya na miƙa masa. A tsakiya ya sa shi, sauran ukun duk a jikinsa aka ɗinke su. A ranar, da tsohon mayafi na goya 'yata na bi ku fili. Liman ya buɗe da addu'a, fasto ya rufe, zanena yana can sama ana ta waƙa. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi ranar. Iya Magajiya ta karɓi lasifika ta ce jan nan jinin matan kasuwa ne, aka yi ta tafi. Kuma har yau ba a warware ba.

Na biyu, maganar amana.

Da aka tashi taro kuka dawo zaure ku huɗu: kai, da Sakatare, da Baba Ayuba, da Iya Magajiya. Ashe tun ranar ba ku gama yarda da juna ba, don ba wanda ya amince tuta ta kwana a gidan wani. Sai kuka ce ta zauna wurin tela, shi ba ya neman kujera. Kuka ɗora hannu a kanta, kuka sa shi ya rantse ba zai ba kowa ba sai ku huɗu kun nema tare. Haka kuwa ake yi. In za a yi taro kowa ya turo mutum ɗaya, su zo su ɗauka, su dawo da ita. Ni nake wanke ta. Wankinta ma sai da dabara, don baƙin saƙin yana zuba a kan farin.

Na uku, yadda kuka rabu.

Da zaɓe ya sake matsowa sai maganar wa zai tsaya gwamna ta taso. Ku kuka ce ku ne kuka sha ɗauri tun ba a haifi wasu ba. Malamai suka ce mulkin yanzu sai mai ilimin boko. Manoma suka ce ƙuri'a a ƙauye take, amma kullum cika fili kawai ake kiransu. Matan kasuwa aka ce su dakata sai abin da manyansu na kudu suka ce. Daga nan aka fara cewa an gan ka kana cin abinci da mutanen gwamnati, aka ce shi ma Sakatare an ba shi mota. Ni ban gani ba, ban ce an yi ba. Abin da na gani da idona shi ne ƙofar ofishinku na Sauka Kahuta da kwaɗo biyu, naka da nasa, ba mai iya shiga.

Ranar da yaranka da nasa suka kaure a bakin ofishin, maigidana ya shiga raba su. Har yau ba a san gorar wa ta same shi ba. Hannun dama, ranka ya daɗe. Tela fa. Yanzu yana Zungeru wurin kawunsa, mai ɗori yana dubawa, kuma yana tsoron dawowa, don naka sun ce shi ɗan Sakatare ne, na Sakatare sun ce shi ɗanka ne. Lokacin ina cikin wankan jego na haihuwata ta biyu, namiji. Da za a sa shi a mota bai ce mini ki kula da yara ba. Cewa ya yi, "Amanar nan, kar ki ba mutum ɗaya." Na ji haushinsa ranar, ba zan ɓoye ba. Amma na riƙe.

Na huɗu, abin da nake gani tun da ya tafi.

Ranar Talatar makon jiya bayan azahar yaranka suka zo a bas mai lasifika. Babbansu ya ce, "Matar Kwamared, Shugaba ya ce a ba mu kaya." Na ce sai ku huɗu. Ya ce, "Huɗu ai sun zama ɗaya, Hajiya, sauran sun sayar da kansu." Suka ɗaga katifa da jariri a kai, suka zazzage mini kwanukan jere, suka leƙa har cikin randa. Ba su samu ba. Da za su fita ɗaya ya ɗebi gyaɗar da nake soyawa ta sayarwa, ya ce kuɗin mai ne.

Kwana biyu bayan nan na Sakatare suka zo. Su sun cire takalmi, sun gaishe ni, sun tambayi jariri. Suka zauna suka yi ta yi mini bayani, rabi Hausa rabi Turanci, wai tarihi zai tambaye ni. Na ce ni maigidana ne zai tambaye ni. Da suka miƙe, ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon rufin ɗakina, yana kaɗa kwalin ashana a hannu. Wallahi su na fi tsoro.

Ga kuma 'yan bangar masu mulki. Su ba sa shigowa, wucewa kawai suke yi da yamma suna buga garwa, suna cewa a fito da tsumma. Su dariya suke yi, don sun ga kuna yi musu aikinsu.

'Yata yanzu da ta ji ƙahon mota sai ta shige ƙarƙashin keken babanta, sai na jawo ta da ƙafa. Ta daina fitsarin kwance tun bara, ya dawo. Nonona ya ja baya, jariri yana tsotsa yana kuka. Mai gidan da muke haya, dattijo ne mai kirki, ya kira ni ya ce, "'Yata, ba na ƙin ki, amma ba ke kaɗai ce a gidan nan ba. Ƙarshen wata ko ƙyallen ya fita, ko ke." Ban ga laifinsa ba. In aka kunna wa ɗakina wuta, ai ba a ɗakina za ta tsaya ba.

Malama ta ce kar in faɗi inda na ɓoye tutar, kuma ba zan faɗa ba. Abin da zan ce kawai, ba ta gidan Malama. Kar wanda ya je mata, rubutu kawai ta yi mini.

Na biyar, kar a ce ban neme ku ba.

Na je gidanka da jariri a baya, maigadi ya ce kana mitin. Na koma, ya ce ka yi tafiya, alhali ina jin muryarka ta taga. Na je gidan Sakatare, matarsa ta ba ni ruwa, ta ce ita ma sai ta kwana biyu ba ta gan shi ba. Na sami Iya Magajiya a rumfarta, ta ce, "Ke yarinya, ni na wanke hannuna daga siyasar maza." Na so in ce mata, Iya, jinin naki fa yana hannuna, amma ta haife ni, sai na juyo gida. Baba Ayuba kaɗai ya tako. Ya zo a keke da doya ɗaure a baya, ya zauna a ƙasa ya ce da irin Hausarsa, "Yarinya, kai ka sha wahala. Ranar da su uku ya zo, ni ma na zo." Allah ya saka masa.

To ga roƙona, ranka ya daɗe.

Ku zo ku huɗu, da rana tsaka, kafin ƙarshen watan nan, a gaban mai unguwa. Ba sai kun gaisa ba. Ba sai kun shirya ba, wannan tsakaninku ne da Allah da talakawan da kuka tara a fili. Ku tsaya kawai a zaure ɗaya daidai lokacin da zan miƙa muku tutar. In kun fita da ita ku yi yadda kuka ga dama, amma ba a ƙofata ba.

Ka tsawata wa yaranka, shi ma Sakatare ya tsawata wa nasa. Ku faɗa da bakinku a lasifikar nan da kuke yawo da ita cewa tela ba ɗan kowa ba ne, don ya samu ya dawo gida. Ban roƙe ku kuɗin magani ba. Ban roƙe ku komai ba sai barci.

In kuma wata ya ƙare ba ku zo ba, to bari in faɗa tun yanzu, kar a ce na yi a ɓoye. Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce wanda ya mayar wa kowa da abinsa bai ci amana ba. Duk da haka ban yarda ba sai da na aika wa maigidana ta bakin wani direban Zungeru, don shi ya rantse, ba liman ba. Shekaranjiya direban ya dawo. Ya ce da ya faɗa masa, ya daɗe yana kallon hannunsa. Can ya ce, "Ka gaya mata reza tana cikin durowar keke. Ta bi ɗinkin a hankali, kar ta yaga. Ka ce mata na yi alkawarin ni zan warware, ta yafe mini."

To haka zan yi. Zan zauna a ƙofar gida kowa yana gani, in bi zare ɗaya bayan ɗaya. In wanke, in goge, in ninke. Shuɗin in kai wa maigadinka. Farin in kai wa matar Sakatare. Baƙin saƙin kuwa, Baba Ayuba ya san hanyar gidana. Iya Magajiya kuwa ba ta kawo komai ba, ba abin da zan kai mata. Na san idan na zare jan sauran ba za su sake haɗuwa ba, don duk a jikinsa suke. Ba haka na so ba. Ni ma na yi waƙar nan a fili, na zaci 'ya'yana za su ga wani abu. Amma ɗana bai taɓa hawa zanen kakarsa ba, kuma na gaji da goyo da aro. Rana ta cinye shi, allura ta huda shi ko'ina, amma zai ɗauki yaro har tashar Zungeru.

Allah ya ba ku lafiya da tsawon rai. Allah ya sanyaya zukatanku, ya nuna muku gaskiya ya ba ku ikon binta. Allah ya tsare 'ya'yanku daga abin da nawa suke gani. Allah ya ba mai hannu sauƙi. Amin.

Wassalam.

Ni ce,
Matar Tela, Kpakungu, Minna.
Malama ta karanta mini daga farko har ƙarshe, haka na faɗa, na dangwala yatsa.